Kalmar sirrin imel ba ta kwana lafiya a laftof

A watan Afrilun 2018, babban jami'in kuɗi na Unatrac Holding, kamfanin da ke dillancin manyan injinan Caterpillar daga Ingila, ya samu wani imel da ya kai shi shafin da ya yi kama da na Microsoft Office 365 sak. Ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. Daga nan saƙonni suka riƙa fita daga akwatinsa suna umartar ma'aikatan sashen kuɗi su biya wasu kuɗaɗe, su kuwa suka biya, har kusan dala miliyan 11 ta salwanta. A Fabrairun 2021 wata kotun tarayya a Amurka ta ɗaure Obinwanne Okeke, ɗan Najeriya da aka fi sani da Invictus Obi, shekara 10 kan wannan damfara.

Abin lura shi ne adireshin da saƙonnin suka fito na jami'in ne da gaske.

Tun asali ba a gina imel da tunanin ɓarayi ba. Ƙa'idar aika shi, SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ba ta tambayar mai aikawa ko shi wane ne. Tamkar ambulan ce, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a bayanta. Daga baya aka yi mata faci. SPF na bayyana sabobin da ke da izinin aika saƙo da sunan wata ma'aikata, DKIM na sa wa saƙon hannu ta hanyar lissafi, DMARC kuma na gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin. Daga Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka wajabta ukun nan ga masu aika saƙo da yawa. An yi abin kirki. Sai dai duk suna tabbatar da gidan da saƙo ya fito ne kawai. Wanda ya riƙe kalmar sirri, saƙonsa zai tsallake su lami lafiya.

Shi ya sa laftof ta cancanci kulawar da ba ta samu. Ma'aikaci ya gaji da rubuta kalmar sirri kullum, sai ya danna akwatin da ke cewa a tuna masa. Manhajar dole ta ajiye ta a wani wuri. A Thunderbird, misali, kalmomin suna cikin fayil ɗaya, makullin buɗe su kuma yana cikin wani fayil a gefensa. Idan mai kwamfutar bai sa babbar kalmar sirri ba, duk wanda ya kwafi biyun a filashi ya gama. Kalmar da ake rubutawa lokacin kunna Windows ma ba ta hana komai idan faifan ba a kulle yake ba: a kwance 'yan kusoshi, a zare faifan, a jona shi da wata kwamfutar, sai ga fayiloli a fili. Kuma laftof yawo take yi. Tana hawa adaidaita sahu, tana kwana a shagon mai gyara, a ƙarshe a sayar da ita a matsayin ta hannu ba tare da an goge ta ba.

Amurka ta ɗanɗana wannan a Mayun 2006, lokacin da aka shiga gidan wani ma'aikacin hukumar kula da tsofaffin sojoji aka sace laftof da faifai ɗauke da bayanan mutum miliyan 26.5, ba a kulle ba.

Maganin ba tsada gare shi ba, wannan ne ma abin takaicin. BitLocker a Windows da FileVault a kwamfutocin Apple suna rikita duk abin da ke faifai, ɓarawo ya tashi da ƙarfe kawai. Manhajojin imel na zamani ma ba sa buƙatar ajiye kalmar sirrin kanta: suna karɓar wata shaidar izini daga Google ko Microsoft, wadda za a iya sokewa daga waya da zarar kwamfuta ta ɓata. Google ya rufe tsohuwar hanyar shiga da kalmar sirri tsura ga asusun jama'a a Mayun 2022, Microsoft ya bi sahu a Exchange Online daga Oktoban shekarar. A ɗora tabbatarwa mai mataki biyu a kai.

Akwai ɓaraka guda da ta rage. Manhajojin sata irin su RedLine, wadda 'yan sandan Holan suka jagoranci tarwatsa sabobinta a Oktoban 2024, suna kwashe kalmomin sirri da shaidar shiga daga burauza yayin da kwamfutar ke kunne, lokacin da kullen faifai ba ya aiki. Ɗaya daga cikin ƙofofin shigarsu ita ce manhajar bogi, irin Office da Photoshop ɗin da ake zuba wa mutum kyauta ranar da ya sayi kwamfuta.

Idan abu ya lalace, ƙaramin ma'aikaci ake ɗora wa laifi, a ce ya yi sakaci. Ba adalci ba ne. Ofishin da ya miƙa masa laftof ba kulle, ya ƙi sayen manhaja ta gaske, ya bar mutum biyar suna shiga akwati ɗaya da kalmar sirrin da aka tura musu ta WhatsApp, shi ya fara sakacin. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma a kan ma'aikatar ta ɗora nauyin, har ta ba ta sa'o'i 72 ta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa. Akwatin imel ɗin asibiti ko makaranta kuwa cike yake da sakamakon gwaji, lambobin asusu da hotunan katin shaida.