Tallan da Ke Jawo Mai Saye da Ƙafarsa

Akwai salon talla da ba ya bin mai saye da kururuwa, sai dai ya ajiye masa bayani mai amfani inda zai iske shi. Kamfanin HubSpot na Amurka, wanda Brian Halligan da Dharmesh Shah suka kafa a 2006, shi ya yayata salon. Dalilinsa kuwa, mutum kan nemi amsar tambayarsa a intanet kafin ya zaro kuɗi. Mai atamfa a Kantin Kwari da ya bayyana yadda ake gane mai zuba, da yadda ake wanke ta kada ta koɗe, ya samu amincewar mai karatu tun ba a fara ciniki ba. Jarin kaɗan ne, data ce da lokaci. Sai dai abin ba na mai gaggawa ba ne, yakan ɗauki watanni kafin ya haifar da ɗa mai ido. A nan ƙananan 'yan kasuwa da yawa ke sarewa, su koma watsa hotunan kaya da farashi a WhatsApp dare da rana, har mutane su daina buɗewa.