Wasan da babu mai ce maka a'a

Makon jiya yayata ta kira ni a waya, muryarta har rawa take. Wai maƙwabciya ce ta gaya mata cewa wasan da ɗanta yake bugawa akwai auren jinsi a ciki, namiji ya auri namiji, mace ta auri mace. "Ka zo ka duba min, in ba haka ba wallahi wayar nan a rijiya za ta kwana." Yaron shekararsa 14. Na je.

Sunan wasan Stardew Valley. Wani Ba'amurke, Eric Barone, shi kaɗai ya ƙirƙire shi, ya fito a 2016. Noma ake yi a ciki: ka gaji gonar kakanka, ka shuka, ka kiwata kaji, ka je kamun kifi. A ƙauyen akwai mutum 12 da za a iya aura, maza 6 mata 6, kuma wasan bai damu ba ko kai namiji ne ko mace. Maƙwabciyar dai ba ƙarya ta yi ba.

Abin kuma ba yau ya fara ba. Tun 1998 wasan Fallout 2 ya ba da damar auren jinsi. A 2007 Singafo ta hana sayar da Mass Effect saboda wata soyayya tsakanin jarumar wasan da wata baƙuwar halitta mai siffar mace, bayan 'yan kwanaki ta janye, ta ce sai ɗan shekara 18. A 2014 kuwa kamfanin Nintendo haƙuri ya bayar saboda bai sa irin wannan zaɓi a wasansa Tomodachi Life ba. Wato a can ma rigimar ba ta kwanta ba, ko'ina ana ja.

Matsayin addini a kan wannan batu ba sai na tuna wa mai karatu ba, kuma kowace uwa tana da haƙƙin sanin abin da ɗanta yake kallo. Sai dai mu faɗi gaskiyar yadda abin yake aiki. A irin waɗannan wasanni, inda mutum yake shiga rigar jarumi ya riƙa zaɓar abin da zai faɗa, soyayya ƙofa ce da mai wasa yake buɗewa da hannunsa. Wani lokaci abokin tafiya ne zai fara yi maka tayi, amma amsar ƙi tana nan a allo. Mutum zai iya gama labarin kaf bai nemi kowa ba.

Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne, kuma daga bakin yaron na ji shi. Na tambaye shi wa yake nema a ƙauyen. Ya ce wata Abigail. Na ce to ta yarda? Ya yi dariya. "Kawu, ai babu maganar yarda. Kabewa take so. Sau biyu a mako kana ba ta, zukatan suna cika." Ya nuna min layin jajayen zukata a ƙarƙashin sunanta. In sun kai 8 ka miƙa furanni, in sun kai 10 ka miƙa sarƙa, an gama, sai biki. A Skyrim na 2011 ma abin ya fi haka sauƙi: ka yi wa mutum wani aiki, ka rataya wata laya a wuya, shi ke nan ya fara maka maganar aure.

A nan ne masu buga wasannin su kansu suka rabu biyu. Kamfanin BioWare ya gwada hanyoyin duka. A Dragon Age II na 2011 masoya huɗu na asalin wasan kowa suke so, ko wane jinsi ka zaɓa. A Dragon Age: Inquisition na 2014 sai aka ba wasu nasu ra'ayin: Cassandra namiji kawai take kulawa, Dorian ma namiji kawai, Sera mace kawai. Ka yi ta zuba kalamai, in ba kai ne irin wanda ake so ba, za a ce maka ka yi haƙuri. Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na Beljiyam ya fitar a 2023 har ya ci kyautar gwarzon wasan shekara, ya koma tsarin farko, duk abokan tafiyar da ake iya nema a buɗe suke ga kowa. Can akan rabu da kai in halinka bai yi ba, amma jinsinka ba ya hana komai.

Masu son tsarin farko suna cewa kuɗinsu suka biya, kada a rufe musu ƙofa. Na fahimta, wasa ne. Amma a ganina mutumin da aka zana shi ba ya iya ƙin ka bai cika mutum ba, na'urar sayar da lemo ce, ka jefa kuɗi ta sako kwalba. Kuma wannan darasin ba ya tambayar yaro ko mace yake nema ko namiji, kowa yana sha. Mu kuwa mun san ciwon nan tun kafin a ƙera waya. Sau nawa muka ji saurayi a majalisa yana lissafin toshin da ya kai, da katin waya, da kayan salla, yana huci wai an ci amanarsa don yarinya ta ce ba ta yi? Wasu har gidan iyayenta suke zuwa karɓar kayansu. Yaron da ya shafe sa'o'i yana koyon cewa kyauta daidai take da so, ranar da ya haɗu da a'a ta gaske wa zai zarga?

Sai maganar shekaru, wadda iyaye da yawa ba su lura da ita. Wasanni suna zuwa da alama. Ta Turai ana ce mata PEGI, lamba ce ƙarara: 3, 7, 12, 16 ko 18. Ta Amurka haruffa ne, M na nufin daga shekara 17. Baldur's Gate 3 lamba 18 gare shi, akwai tsiraici da zubar da jini, ko da yake ana iya rufe tsiraicin a saiti. Wannan ba na ɗan 14 ba ne, ko wa ake nema a ciki. Masu shagunan wasa a unguwanninmu su ma ya kamata su riƙa duba lambar nan kafin su miƙa wa yaro abin bugawa.

Na gaya wa Yaya duk abin da na gani, ban ɓoye mata zaɓin auren jinsin ba. Ta yi shiru, sannan ta ce wayar za ta riƙa kwana a ɗakinta, kuma a falo za a riƙa buga wasan inda ido yake. Kafin in tashi na tambayi yaron, in wata rana ya kai wa wata kabewa ta ce ba ta so fa? Ya ce sai ya duba intanet ya ga me take so. Na ce in ta ce kai ne ba ta so? Ya daɗe yana kallon wayar bai ba ni amsa ba.