Idon Makro a Waya: Mu Gwada Kafin Mu Biya



Da yawanmu in za mu sayi waya, idanun kyamara muke ƙirgawa. Mai shago ya ce ga na makro, mai ɗaukar abu dab da dab, sai mu ƙara kuɗi. Mu dai a ganinmu, hoton da idon ya fitar shi ya kamata ya yanke hukunci.

Dalilinmu na gida ne. A Tsaskiya da ƙauyukan Safana da Batsari, 'yan bindigar dajin Rugu sun tashi mutane da dama daga gidajensu, kuma a gafakar malamanmu akwai waƙoƙi da wasiƙun ajami da ba su da kwafi na biyu. In marubuci ya samu izinin ɗaukarsu, wataƙila ba zai sake samun damar ba. A rubutun Warshu da muka gada, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Hoto ya dushe, ɗigo ya ɓace, kalma ta canza ma'ana.

A yawancin wayoyi masu araha, idon makro megafiksel 2 ne, wato 1600 a 1200, kuma ba ya daidaita gani sai a nisan kimanin santimita 4. A wannan kusanci inuwar wayar kan rufe takardar. Shi ya sa sau da yawa babban ido, in aka ja baya kaɗan sannan aka yanke hoton, yakan fi shi fitar da rubutu.

Gwajin ba shi da wuya. Mu shimfiɗa takardar Naira 1000 a inuwa mai haske da hantsi, mu ɗauki ajamin da ke jikinta da makro, mu sake ɗauka da babban ido. Mu jingina hannu a kan wani abu don kada ya yi rawa. Sai mu buɗe hotunan biyu, mu faɗaɗa su. Siraran layukan sun rabu, ko sun cuɗe? Gefen hoton ya fito kamar tsakiyarsa? Akwai shuɗi ko ja-ja a bakin baƙaƙen? Wanda ya ci waɗannan, shi ne abin aikinmu.

Makro na da ranarsa. In idon mai kyau ne, zai nuna kaurin tawada da sawun alƙalamin kara. Amma shafi cikakke aikin babban ido ne.

In za mu tura ta WhatsApp, mu tura a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse hoto ta rage masa kaifi. Mu ajiye kwafi biyu a wurare dabam, mu rubuta sunan mai takardar da garinsa, mu kuma bar masa nasa kwafin.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, amin.