Martani: A Duba Hanya Kafin A Sa Hannu Kan Izinin Gini

Wani marubuci ya ce Kano na fama da ƙarancin gidaje, don haka ya kamata hukumar tsara birane ta KNUPDA ta daina jan ƙafa wajen amincewa da sababbin rukunin gidaje. Cunkoso kuwa, in ji shi, in ya zo, aikin hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ne.

Ƙarancin gidaje gaskiya ne. Sauran maganar ce ba ta zauna ba.

Jami'in KAROTA yana iya tsayar da mota, amma yana iya faɗaɗa titin da aka cika gefensa da shaguna? Idan rukunin gidaje yana da ƙofa ɗaya tak da ke fitowa kan Titin Zariya, inda tirela da adaidaita sahu ke gogayya, ta ina ɗan makaranta zai tsallaka da safe? Ta ina tsohuwa za ta bi, alhali ba a bar wa masu tafiya a ƙasa ko taku ɗaya ba?

Dokar tsara birane ta 1992 ta wajabta neman izini kafin gini. A lokacin ne hukuma ke da ƙarfi a kan mai gini. Da zarar an zuba kankare an sayar, sai dai rusau.

Kada a sa hannu sai an ga hanyar shiga da wurin tsallakawa a taswirar ginin.