Ƙiba ba kullum ce alamar lafiya ba

Ƴar'uwa, idan kin ga yunwar 2005 a Damana ko a ƙasar Kurfai, ba abin mamaki ba ne ki ɗauki ƙiba alamar wadata. Rama kuwa, a idon jama'a, talauci ce ko cuta. Shi ya sa wasu mata ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba a kasuwa.

Amma zamani ya sake. Shinkafa, taliya, mai da sukari sun yawaita a tukunya, injin niƙa ya rage daka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya yana da ƙiba mai yawa. Bayan shekara 45, lokacin da jinin al'ada ke shirin ɗaukewa, kitse yakan taru a ciki. Wannan kitsen yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari, cututtukan da ke shiga ba sallama.

Maganin ba zama da yunwa ba ne. Ki riƙe hatsi, wake da zogale. Ki rage sukari a fura, ki rage magi a miya. Gishirin yini kada ya kai cokalin shayi 1. Ki yi tafiya da sauri, minti 30, kwana 5 a mako. Ƙwayoyin sa ƙiba kuwa, wasunsu na tayar da hawan jini da sukari. Idan kin daɗe kina sha, kada ki bari farat ɗaya, ki nemi shawarar likita.

Ki je asibitin Damana ko na Filinge a auna jininki. Idan kina ramewa ba dalili, ga ƙishirwa da yawan fitsari, kada ki jira ranar kasuwa.