Mu Leƙa Duniya: Zaɓen Tsibiri a Seshel

A wannan wata za mu leƙa Seshel, ƙasa mai tsibirai 115 a Tekun Indiya, wajen kilomita 1,600 gabas da Kenya. Ta sami mulkin kai daga Ingila a 1976.

Baƙo mai kwana biyar da ɗan guzuri ba shi iya zaga su duka. Taura biyu ba ta taunuwa, tilas ya zaɓa.

Jirgin sama yakan sauka a Mahe, inda babban birni Biktoriya yake. La Dig kuwa ƙaramin tsibiri ne, ba hayaniya, keke ne abin hawan yawancin mutanensa.

Shawarata ita ce, a yi masauki a Pralin. Daga Mahe tafiyar awa guda ce a jirgin ruwa, daga nan zuwa La Dig minti 15. A kurminsa akwai wata irin kwakwa wadda ƙwallonta ya fi na kowane itace girma a duniya. Da Janar Godon ya ga kurmin nan a 1881, sai ya ce lalle nan ne gonar Aidan.

Mai masauki a Pralin zai ga tsibirai uku, bai kuwa ƙarar da kwanakinsa a kan ruwa ba.

Sai wata mai zuwa.