Kafin Sassaƙen Madaci Ya Zama Labari

A unguwar Federal Low-Cost da ke birnin Gombe, kamar sauran unguwannin ma'aikata a Arewa, da wuya a sami gidan da ba a taɓa jiƙa sassaƙen madaci don ciwon ciki ba, ko a dafa wa mai jego ganyen sabara. Ma'aikacin da ke da katin inshorar lafiya a aljihu, shi ne dai ke tsayar da mai magani a ƙofar gida ya sayi saiwar sanya, wadda Hausawa suka yi wa laƙabi da uwar magunguna. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda waɗannan itatuwa suke fitowa, da kuma yawan abin da ya saura.

Kusan babu mai noma su. Daga daji ake saro su, dajin kuwa kullum ja da baya yake yi. Masu gawayi na bin kirya da marke saboda ƙarfin itacensu, gonaki da sababbin unguwanni na cinye sauran. Masu sassaƙa ma da nasu laifin: idan aka kewaye gindin bishiya da sara, an yanke hanyar da abinci ke saukowa daga ganye zuwa saiwa, sai ta bushe a tsaye. Ita kuwa sanya saiwarta ake haƙa, sau da yawa ɗiba ɗaya ke kashe ta.

Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. A watan Nuwamban 2022, taron ƙasashen yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama ya sanya Rhodiola, wani tsiron magani na yankuna masu tsananin sanyi irin su Saiberiya, cikin jerin tsirran da ake sa ido kan cinikinsu, domin masu haƙar saiwarsa sun wuce gona da iri. A wannan zama aka sanya madacin Afirka a jerin. Sai dai yarjejeniyar ta shafi cinikin ƙetare ne kawai. Ba ta da iko kan gatarin da ke shiga dazuzzukan Gombe. Wannan aikin hukumomin gida ne.

Nijeriya ta taɓa ganin abin da ilmin tsirrai zai iya haifarwa. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta samar da Niprisan don masu cutar sikila, daga haɗin wani mai maganin gargajiya wanda ya ƙunshi karan dafi da masoro da kanumfari. An fara sarrafa shi da sunan Nicosan a 2006, amma bayan 'yan shekaru aikin ya tsaya. Shi bincike ana iya farfaɗo da shi in an sami kuɗi. Itacen da ya ƙare a daji kafin a gwada shi kuwa, babu kasafin da zai dawo da shi. Gwajin ma kariya ne ga jama'a, domin saiwar sanya kanta guba ce idan aka sha fiye da kima.

Don haka wannan jarida na ganin akwai matakan da ba sa buƙatar sabuwar hukuma. Gombe na cikin jihohi 11 da hukumar shirin Babbar Koriyar Ganuwa ke aiki a cikinsu, kuma jihar na da nata shirin dashen itatuwa na 3G tun 2019. Ya kamata a ware wa madaci da sanya da ararrabi da kirya kaso tabbatacce a gandun renon itatuwa, maimakon dogaro da darbejiya da turare saboda saurin girmansu. Ya kamata NIPRD ta haɗa hannu da Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere wajen rubuta abin da tsofaffin masu magani suka sani, da sunansu da haƙƙinsu, tare da ƙidaya abin da ya rage a wurare irin dajin Kanawa. Ita kuma NAFDAC, idan za ta yi wa maganin gargajiya rajista, ta riƙa tambayar inda aka samo kayan haɗinsa.

Daraktoci da hadiman ministocin da ke tsara kasafin ma'aikatun lafiya da muhalli, da yawansu da irin wannan jiƙo aka rene su. Madaci na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya yi kaurin da za a sassaƙe shi ba tare da ya mutu ba. Wanda ba a dasa a daminar bana ba, 'ya'yan da ake reno yau a Federal Low-Cost ne za su neme shi su rasa.